Kalmasa Uku a Gindin Hijabi

Kun gan ta. Kada ku ce ba ku gani ba. Wata huɗu telar nan ta bakin layinku tana ramewa a kan kekenta, har zobe ya daina zama a yatsanta, amma tambayarku ɗaya ce: yaushe ɗinkinku zai fito. Wata a cikinku har cewa ta yi, "Kai, rage jikin nan ya karɓe ki." Kun ga tana dafe ciki in ta miƙe ɗauko almakashi, sai kuka mai da ido kan waya. To ga abin da ya faru a shagon ranar Asabar, bayan kun karɓi kayanku kun watse.

Ƙanenta ne ya shigo, malamin kimiyya a wata sakandare, wanda take kira Farfesa tun yana ƙarami saboda gardamarsa. Takardar asibiti ce a hannunsa. Ranar Litinin za a yi mata aiki a cire ƙarin da ke cikinta, kuma likita bai ɗauki alkawarin komai ba. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai leƙo gida ba, don haka 'yarta mai shekara bakwai hannun Farfesa za ta koma.

"Yaya, likita cewa ya yi ki kwanta ki huta. Me kike yi a kan keke?"

"Likitan ya taɓa taka keke ne? Matsa, ka tare mini haske."

Ta yanke zare da haƙori, ta kakkaɓe wani ɗan farin hijabi, ta ƙwala wa 'yarta kira. "Mai Giɓi! Zo ki gwada."

Yarinyar ta fito daga bayan labule tana washe baki, haƙoranta biyu na gaba babu. Aka zura mata hijabin. Ya sauka daidai idon sawunta, sai dai gindinsa ya yi kauri, yana rinjayarta in ta juya. Farfesa ya sunkuya ya ɗaga bakin.

"Yaya, hannunki ne ya fara rawa? Kalmasa uku a kan juna, kowace da zarenta daban, ja, kore, shuɗi. Ko 'yar koyo ba za ta yi wannan ba."

Telar ta ce, "Mai Giɓi, je ki cika mana buta." Sai da ta ji ƙarar famfo sannan ta jawo masa kujera. "Zauna, in koya wa malami karatu. Yarinyar nan tsawo take yi kamar ana janta. Idan hijabin ya ɗage mata, ka farke jan zaren kawai, kalmasa ɗaya za ta sauka. Baɗi warhaka, kore. Bayansa shuɗi. Daga nan ta isa ta nema wa kanta."

Ya murza yadin. Shekara uku ta lissafa ke nan, kuma ba ta sa kanta a ciki ba.

"Ke za ki farke abinki," in ji shi.

"Allah ya sa. Amma tela ba ta yanka yadi ba ta bar rara ba."

"To ni ta yaya zan san ya ɗage?"

"Yauwa, ka zo wurin. A tsaye ba za ka gane ba. Sai ta yi ruku'u, bayan ya ɗaga, ka ga ƙwaurinta ya fito. Kuma ba a ganin wannan daga falo ana duba takardun ɗalibai. Sai wanda yake kusa da darduma."

Farfesa ya saki hijabin. "Yaya, kin san ni fa..."

"Na sani. Shekara nawa butar gidanka furanni take ba ruwa?"

"Ba wasa nake ba. Ina da tambayoyin da babu wanda ya amsa mini. Kuma ita yarinya ce. Me zai hana a bari ta girma ta zaɓa da kanta? Tsoronmu kawai muke ɗora wa yara."

"Tsoro kuma? Tsoro ai yana nan tafe, Farfesa, ko na koya mata ko ban koya mata ba. Ranar Litinin zai iso." Ta gyara zama, ta dafe cikinta har ciwon ya lafa. "Ranar da Baba ya rasu kana goye, ba ka san komai ba. Ni ina kamar ita. Inna ba ta yi mini wani dogon bayani ba. Hannuna ta kama ta tsayar da ni a gefenta a kan darduma. Ina jin jikinta yana karkarwa a jikina. Kafin mu sallame ya daina. A ranar na gane akwai inda babba ma yake kai kukansa. Ba ni da gida da zan bar wa yarinyar nan, keken ma ya tsufa. Ina so in abin ya fi ƙarfinta ta san inda za ta dosa, ba sai ta jira wani ya dawo daga tafiya ba."

"In na tsaya alhali zuciyata ba ta tsaya ba fa?"

"Zuciyarka tsakaninka da Mai ita ne, ban aike ka can ba. Cewa na yi ka tsaya kusa da ita."

Ta miƙa masa reza da wani ƙyalle da ta yi wa kalmasa. "Gwada a nan tukuna. A kwance ake riƙe ta." Ya sa reza, ya ja, ya yanke ƙyallen gida biyu. Telar ta tuntsire da dariya har hawaye, tana riƙe da ciki tana cewa, "Wayyo, digiri biyu!" Ta sake ba shi wani, ta ɗora hannunta a kan nasa. A na uku zaren ya fita, yadin bai ji ciwo ba.

Mai Giɓi ta leƙo, buta tana ɗiga a ƙafarta. "Kawu, kai ma za ka yi?"

Ya dubi yayarsa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana tsince zare a cinyarta, ta ƙi taimaka masa. Ya cire agogo, ya naɗe hannun riga.

"Zuba mini."

"Kawu, ka manta kunne!"

An yi aikin. Yau kwana goma sha ɗaya tana kwance, ba ta fara tashi zaune ba, likitoci kuma sun ce a ci gaba da jira. Farfesa bai sami amsar tambayoyinsa ba, amma kullum yana shimfiɗa darduma biyu a ɗakinsa. Sai dai makarantarsa ba ta tashi sai biyar da rabi. Yarinyar tana dawowa tun ƙarfe biyu, ta buɗe ƙofa da makullin da ke rataye a wuyanta, ta yi la'asar ita kaɗai a gidan da babu motsin kowa. Jiya ya tarar da ita zaune a kan dardumar, hijabin ya jiƙe a ƙirji. Ta ce ta manta raka'a ta nawa take, kuma babu wanda za ta tambaya.

Gidan Farfesa layi biyu ne daga naku, mai koren ƙyaure. Yau da ƙarfe huɗu, lallai ɗaya a cikinku ta ajiye abin da take yi, ta je ta ƙwanƙwasa, ta tsaya a gefen yarinyar nan.