Jirgin da Ummaru Ya Zaɓa

Malam Ummaru ya durƙusa a cikin taɓo, ya kara kunne a jikin wani farin jirgin ruwa, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa kamar mai sayen tukunya. Ya bi shi tun daga goshi har zuwa gindi, sannan ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Wannan ya sha ruwa," ya ce. "Fenti kawai ya rage masa."

Rabo, sarkin ruwan wannan gefen na dam ɗin Zobe, ya sosa ƙeya. Jirage biyu ne a hannunsa, masu tafiya da iska. Wani ɗan kwangila ne ya kawo su da niyyar buɗe wurin shaƙatawa, abin bai yiwu ba, ya bar masa su ya tafi. Masunta ba su da amfani da su, shekara shida ke nan suna kwance a bakin ruwa.

"Malam, kowa ya zo farin nan yake yabawa."

"Ba kowa ne ya kwana a jirgi ba."

Shi ya kwana. Shekara ashirin da shida ya yi a Ikko yana wanke jiragen masu kuɗi, yana ɗinke musu ƙyallen iska, yana tuƙa su idan sun fita shan iska ran Lahadi. Lokacin da ƙarfinsa ya fara ja baya sai ya komo ƙauyensu da ke bayan Rawayau, ya gina gida, ya kama noma. Bara da hantsi 'yan bindiga suka shigo, suka cinna wa gidan wuta, suka harbe ɗansa Jibril a bakin rumbu. Shi da matarsa Inno suka tsira da kayan jikinsu da sa guda, wanda ya tsinke igiya ya bi su.

Ƙanensa Alhaji Mas'ud, mai fataucin hatsi a Dutsin-Ma, ya ba su ɗakin ajiyarsa. Wata goma sha ɗaya suka yi suna kwana cikin warin maganin ƙwari. Da kaka ta yi, Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko cire takalmi ba.

"Yaya, masara tana hanya, ga shi ba ni da inda zan zuba. Ko za ku ɗan koma zaure kafin a gani?"

Zauren da leburori ke cin abinci yake nufi. Ummaru ne ya ɗauki Mas'ud a kafaɗa ranar da aka binne ubansu, amma bai tuna masa ba. Ya ce to.

Jirgi na biyu ba shi da kyan gani. Fentinsa ya ɓare, tsuntsaye sun yi masa kashi, sandar tsakiyarsa na kwance a kansa, ɓeraye sun cinye rabin ƙyallen. Ummaru ya zaro wuƙa ya soka tsininta a katakon ƙasa. Ta ƙi shiga. Ya gwada wajen da sitiyari ke maƙale, ya gwada gindin sandar. Sannan ya hau, ya buɗe murfin ɗan ɗakin da ke cikinsa, ya zura kai ya shaƙa. Ƙura ce da zafin rana, babu warin ruɓa.

Ya ɗaga murya. "Inno, zo ki gani."

Tana zaune a inuwar wata bagaruwa tun isowarsu. Ta taso a hankali, ya kama hannunta ta hau. Ɗakin bai kai tsawonta ba, sai da ta sunkuya.

"Ga wurin kwanciya biyu," ya ce. "Nan za a sa murhu. Idan na kai shi tsakiyar ruwa, babu babur ɗin da zai iso mu. Babu kuma wanda zai ce mu matsa."

Ta shafa katakon gadon, ta dubi tafin hannunta.

"Malam, a ina zan yi shara?"

"Ba sai kin yi ba."

"Shekara arba'in ina tashi in share tsakar gida." Ta kakkaɓe ƙurar. "Idan na mutu a nan fa?"

"Ƙasa ba ta da nisa."

"Ƙasar wa?"

Ya matso zai kama hannunta. Ta sauka da kanta, ba ta jira hannunsa ba.

A ranar ya daidaita da Rabo, ya ba shi sa ɗin nan nasu, ya karɓi jirgin. Bayan kwana uku Inno ta ɗaure kayanta a zane ɗaya ta tafi Kurfi, wurin 'yarsu Nana Hadiza. Bai hana ta ba. Ya raka ta tasha, ya tsaya har motar ta cika. Ta taga ta ce masa ya riƙa rufe ƙirjinsa, sanyin ruwa ba ya da kyau.

Sati biyar ya yi yana aiki. Ya cusa auduga da kwalta a tsagogin katako, ya kankare tsatsa, ya yi wa ƙyallen faci da tsofaffin buhuna. Masunta suka taya shi tayar da sandar, suna dariya a ɓoye. Labari ya kai kasuwar Dutsin-Ma cewa yayan Alhaji Mas'ud ya taɓu, ya koma zama da kifaye.

Sai ga Alhaji da kansa wata Laraba, ya ajiye mota nesa da taɓo, ya tako yana ɗage riga.

"Yaya, me na yi maka da za ka tozarta ni haka? Ko sahun masallaci na shiga sai an nuna ni."

Ummaru yana ɗaure igiya, bai tsaya ba.

"Na sa an kwashe masarar," in ji Alhaji. "Ɗakin yana nan. Ka dawo, mutane su daina magana."

"Da ba su yi magana ba fa?"

Alhaji ya kau da kai. Ya dubi facin ƙyallen, inda sunansa ke rubuce da jan fenti a jikin wani buhu, a kife.

"Ka gaida gida," Ummaru ya ce.

Washegari iska ta taso daga gabas bayan azahar. Rabo da mutum huɗu suka tura jirgin har ya ɗaga daga ƙasa. Ummaru ya ja igiya, ƙyallen ya kumbura, jirgin ya karkata ya fara yanka ruwa. Hannunsa ya tuna komai. Babu ɗigon ruwa ko ɗaya a ɗakin. Bai yi kuskuren zaɓi ba. Ya ji ƙirjinsa ya buɗe, irin yadda bai ji ba tun ranar Jibril, har ya juya gefen da gado na biyu yake don ya faɗi wani abu.

Bai kai la'asar ba sai ƙasan jirgin ya gogi yashi. Ya ɗaga kai. Ɗaya gaɓar ce a gabansa, da karan dawa da aka girbe, da wata akuya tana kallonsa. Ruwan ya ƙare.

Ya daɗe zaune, ƙyallen yana kaɗawa a kansa. Sannan ya naɗe ƙafar wando, ya sauka, ya sa kafaɗa ya juya goshin jirgin.