Ranar da Tursunai ta Tono Fiyon

Shekara shida Tursunai ta yi a gidan nan, abu ɗaya aka hana ta taɓawa: fiyon, wani fure mai kaurin saiwa, da ke gindin tagar surukarta Burul. Ko ruwan wanke-wanke ba a watsawa ta wajen. Tsohuwar ta zo da saiwarsa daga garinsu Karakol tana amarya, ƙulle a ɗankwali, kuma kowa ya sha jin ta tana cewa, "Ni da shi rai ɗaya ne. Ranar da ya bushe ku nemo likkafani." Da tana da ƙafa, dariya ake yi. Tun da ciwo ya kwantar da ita, dariyar ta ɗauke.

Sai ga shi da hantsin wata Laraba, an gama tsinke tuffa, Burul ta ture kofin shayi ta kira ta yadda suke kiran matar ɗa, ta ce, "Kelin, ɗauko cebur. Yau za ki tono fiyon ɗin nan ki raba saiwarsa."

"Ni, Apa?" in ji Tursunai, don haka suke cewa Mama. "A bari ɗanki ya sauko da tumaki daga dutse mana."

"Wa? Wannan da ko ƙofa ya kama sai ta ɓalle? Ƙasa ta kusa daskarewa don sanyi. Jeki, ina kallonki ta taga."

Tursunai ta ɗauko cebur ta fita. Malamar lissafi ce, baiwar Allah, ko albasa ba ta taɓa shukawa ta yi rai ba. Ta yanke busassun karan, ta yi bisimilla ta fi sau goma, ta shiga haƙa kewaye da gindin, nesa-nesa kamar yadda aka ce. Ga sanyi, ga gumi yana bin bayanta. Da ta zagayo ta cusa cebur ƙarƙashi ta danna.

Ɗas!

Irin ƙarar da karas ke yi in an karya shi. Ta durƙusa ta yaye ƙasa da hannu. Saiwar ta tsage biyu, tsakiyarta baƙi ƙirin, rami ne kawai mai warin ruɓa, yatsanta ya nutse ciki.

"Innalillahi, na shiga uku," ta ce can ƙasa-ƙasa. Wallahi tsoro ta ji, tsoro na gaske. Mace tana kwance rai a hannun Allah, a kai mata wannan? Zuciyarta ta ce ta mayar da ƙasa ta rufe, ta ce cebur ya ƙi shiga. Har ta fara turawa da tafin hannu.

Ƙwas, ƙwas, aka ƙwanƙwasa gilashin taga da cokali.

Haka ta wanke saiwar, ta zuba a daro, ta shiga da ita ɗakin tsohuwar. Ta ajiye a bakin gado, ta kasa ɗaga kai. Jira kawai take ta ji numfashin tsohuwar ya sarƙe.

Burul ta sunkuya ta sunsuna, ta tsokana da farce.

"To, kukan na mene ne? Wa ya mutu?"

"Apa, ban san yadda aka yi ba..."

"Ke kika ruɓar da shi da cebur a minti biyar? Kai, malaman zamani! Tun da furen ya ragu na san cikinsa ya tafi. Miƙo wuƙa. A'a, ke za ki riƙe, hannuna ba ya moruwa."

Ta nuna mata jajayen tohon da ke leƙe a wuyan saiwar, ta ce su ne idanun. Kowane yanki ya tashi da ido uku, a ƙwaƙule baƙin har a taɓo fari, a shafe wurin da toka. Duk yankan da Tursunai ta yi sai ta saci kallon ƙirjin tsohuwar, ta ga yana hawa yana sauka, sannan ta ci gaba. Yanki huɗu suka fita.

"Uku na 'ya'yana mata, ɗaya naki. In za ki binne, kaurin yatsu biyu na ƙasa kawai a kan idon, kin ji? Kika zurfafa don tausayin sanyi, ganye zai yi ta ba ki ba fure har ki tsufa."

Sai a lokacin Tursunai ta yi ajiyar zuciya. Ta ɗauki daron za ta fita, Burul ta riƙo bakin rigarta.

"Tsaya. Baɗi ba zai yi fure ba, wataƙila har baɗi waccan. Yaran nan za su ce kin kashe mini shi, bakinsu na sani, ni na haife su. Ke ma sai ki fara yarda. Kada ki kuskura ki tono shi don ki duba."

"Ai kina nan, Apa. Sai ki faɗa musu da kanki."

Tsohuwar ta saki rigar, ta gyara kwanciya ta fuskanci bango.

"Da zan kai baɗi in faɗa musu, kelin, da ban tashe ki da cebur yau ba."