Wutar da Ta Fito Daga Gidan Malam Attahiru

Malam Attahiru ya yi shekara ashirin da shida yana koyar da gyaran injina a wata kwaleji kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Minanata. Lokacin sojoji ke mulki, kuɗin mai ya ja baya, ayyukan da aka soma da shi suna ta tsatsa a daji. A wajen gwanjon kayan wata rijiyar burtsatse da ba a ƙarasa ba ya sayi farantan sola goma sha huɗu, ya jera su a kan rufin kwanonsa.

Wutar ta fi ƙarfin gidan. Firijin ƙanƙarar matarsa Hajjo da fanka biyu ba sa shan rabinta, batura kuma tun hantsi sun cika. Asarar ta dame shi. Ya shafe wata bakwai yana harhaɗa wani akwati mai tura rarar cikin wayar unguwa. Ran da akwatin ya fara aiki, ya kira Hajjo ta zo ta ga faifan mita yana juyawa baya. Ta duba, ta ce ita dai kada a wayi gari a ce sun saci wuta.

Abin da shi ma yake gudu ke nan. Ya rubuta wa ofishin lantarki cewa yana da wutar da ta yi masa yawa, su karɓa a hukumance, su riƙa cire masa daga abin da yake sha in rana ta faɗi. Takarda uku ba amsa. Ta huɗu ta faɗa hannun wani injiniya mai suna Jibrin, wanda ya taɓa karanta irin wannan tsari a mujalla. Ya zo ya gani, ya yi murna, ya ce ranar Laraba zai kawo manajansu. In manaja ya sa hannu, akwatin ya sami izini, gidan ya zama na gwaji.

Abu ɗaya ya rage. Ya kamata akwatin ya kashe kansa duk lokacin da aka ɗauke wutar gari, amma ƙarfen da ke yin wannan aiki bai iso daga Kano ba. Malam Attahiru da hannu yake kashewa, da zarar ya ga jan ƙwan da ke jikin akwatin ya mutu.

Ranar Litinin rasuwa ta kai shi Dundaye. Ya so ya kashe akwatin kafin ya fita, sai ya tuna manaja zai duba yawan abin da mita ta koma baya. Ya bar shi a kunne, ya ce wa Hajjo in an ɗauke wuta ta ja mariƙin akwatin ƙasa.

Da azahar Garba, ma'aikacin ofishin lantarki, ya shigo layin da tsaninsa don ya ɗaure wata waya da ta saki. Shekararsa ashirin yana hawa turakun unguwar, kuma hanyar aikinsa ɗaya ce. Zai je taransifoma ya cire fis ɗin layin, ya zuba a aljihun rigarsa, sa'an nan ya hau hannu tsirara. Muddin fis na aljihunsa, babu mahaluƙin da zai mayar da wuta. Haka aka koya masa, haka ya koya wa wasu, domin a saninsu wuta daga gefe ɗaya take zuwa.

Hajjo tana tsakar gida tana ƙulla ruwa a leda. Firiji bai daina ƙugi ba, fanka ba ta tsaya ba, ba ta kuma hango jan ƙwan daga inda take, don haka ba ta san an ɗauke wuta ba. Gidajen layin biyar ne, masu su duk suna kasuwa da ofis. Wayar da Garba ya kama cike take da wutar rufin Malam Attahiru.

Bai mutu ba. Tafukansa biyu sun ƙone, ƙugunsa ya karye a faɗowa.

Washegari Jibrin ya zo, ya ƙi zama a tabarma. Ya ce a ofis an yanke cewa sakacin Garba ne, wai bai cire fis ɗin daidai ba, za a sallame shi ba ko kwabo. Babu wanda ya kawo gidan nan a ransa. Ya roƙi Malam Attahiru ya yi shiru har a sa hannu, ƙarfen Kano ya iso, daga baya su san yadda za su taimaki iyalin Garba. Ya tuna masa kuma yadda dokar soja take a kan mai taɓa wayar gwamnati.

Da ya tafi, Hajjo ta ce, "Malam, ni ce ban ja ba."

"Ba ke ba ce. Mi za ki gani, hwanka na juyawa? Ni na bar shi."

Ranar Laraba manaja ya zo, dattijo mai fara'a. Ya leƙa mita, ya yi dariya, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ta koma gida da kanta ba. Ya zaro alƙalami ya nemi fayil. Jibrin ya miƙa masa, idonsa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, kahin ka sa hannu," in ji Malam Attahiru. "Garba ya cire fis nai daidai. Wutar da ta kama shi daga nan ta hita."

Ya yi bayani dalla-dalla, kamar yadda ya saba yi wa ɗalibai, bai rage komai ba. Manaja ya daɗe yana kallon rufin. Daga nan ya mayar da alƙalami aljihu. Ya ce maganar Garba za a gyara, za a biya shi haƙƙinsa. Wannan fayil kuwa a ɗauka ba a taɓa buɗe shi ba. Kafin la'asar a raba akwatin da wayarsu, in ba haka ba shi da kansa zai kai rahoto.

Malam Attahiru ya kwance wayar, ya naɗe ta, ya yi alwala ya nufi asibiti da kwanon kunu. Garba na kwance, hannuwansa biyu a naɗe da bandeji har gwiwa. Ya saurari labarin duka bai katse ba.

"Ashe dai ban yi kuskure ba," ya ce. "Kwana biyu ina ta neman inda na ɓata, Baba. Har na hwara zaton tsuhwa ne."

"Ba ka yi ba."

Garba ya juya fuskarsa bango. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Can ya tambaya ko likita ya faɗa wa wani ko yatsun za su sake lanƙwasa, domin shi sun ƙi gaya masa. Malam Attahiru ya ce bai sani ba. Ya jawo kujera, ya buɗe kwanon, ya ɗebo kunun a ludayi yana hurawa, yana jiran mutumin ya juyo.