Kan da Aka Tono a Ramin Masai

Tela na tsaye da buta a ƙofar maƙwabcinsa Mai Kanti, yana sallama ƙasa-ƙasa, cikinsa na murɗawa. Sun daɗe ba sa ga-maciji saboda rigimar kwata, amma yau dole ta kawo shi.

"A'a, mai masaukin baƙin sama!" in ji Mai Kanti, ya tokare ƙofa yana murmushi. "Su mutanen naka ba su bar maka wurin tsuguno ba ne?"

Tela ya sunkuya ya wuce. Wallahi ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Shi ya jawo wa kansa kuwa. Masai ne ya cika a gidansa, ya kira mai haƙa ya tona sabon rami a gefen tsohon. Ana cikin aiki diga ta tono wani kan mutum na yumɓu, dogo zololo, idanu kamar faranti, ba hanci ba kunne. Ƙanin matarsa, wanda waya ba ta barin hannunsa, ya rantse ya ga irinsa a bidiyo: wasu halittu ne daga wata duniya suka sauko a zamanin da, suka bar shi. Tela da bakinsa ba ya riƙe magana, kafin yamma ya baza labari a unguwa. Har sabuwar riga ya saka ya yi wa 'yan jarida bayani, yana nuna sama da almakashi.

Sai ga ma'aikatan gidan tarihi. Suka jujjuya kan, suka ce su ma ba su san ko mene ne ba. Suka kewaye ramin da igiya, har da tsohon masai a ciki, suka ce kada a taka wurin sai masana sun zo. Masana kuwa shiru kake ji.

Yau Tela yana dawowa daga gidan Mai Kanti ya tarar da matarsa ta ɗaure kaya.

"Na gaji da yawon buta a gidajen mutane, ni da yara," ta ce. "Ko rami yau, ko in tafi gidanmu. Kai ka zauna da baƙinka."

Hankalin Tela ya tashi, don ya san ba ta faɗa sau biyu. Ya ruga ya kirawo mai haƙa, ya nuna masa can kusurwar bayan shagon ɗinkinsa, nesa da igiya. Rami ya kai ƙugu ke nan, diga ta ce ƙwal!

Mai haƙa ya share ƙasa da hannu, ya ɗago a hankali. "Maigida, ga wani."

Tela ya leƙa. Hannu ne na yumɓu, ƙato, a buɗe. Ya waiga: matarsa na bakin ƙofa da jaka, ƙaninta na tahowa da waya a ɗage. Nan take ya gyara tsayuwa, ya baza riga ya tare ramin.

"Dutse ne," ya ce.

"Dutse da yatsu shida, maigida?"

"Na ce dutse ne! Tura masa ƙasa, ka zagaye shi ka ci gaba." Ya dafe ciki, ya rage murya. "Shi ya yi shekaru aru-aru yana haƙuri a nan. Ni ko zuwa anjima ba zan kai ba."