Shafin Mamata na Ranar Laraba

Shekara arba'in da ɗoriya Ozella ce idon mijinta Cleophus Tolliver a kan takarda. Shi bai iya karatu ba. Lokacin yarintarsa a jihar Mississippi, da zarar auduga ta nuna sai a rufe makarantar baƙar fata a kora yara gona, 'ya'yan farar fata kuwa suna aji. Daga gona ya wuce kamfanin fiɗar tarwaɗa, a can ya tsufa.

Sai ciwon suga ya cinye idon Ozella. Ba ta yi kukan komai ba sai abu ɗaya: shafin mamata na jaridar garin da ke fitowa ran Laraba, inda ake sanar da waɗanda suka rasu. Da shi take sanin gidan makokin da za ta soya wa kaza ta kai. Yanzu sai dai ta shafa jaridar ta ajiye.

Jami'ar da ke bayan titin jirgin ƙasa, wadda a da baƙar fata ba ya shigarta sai da tsintsiya a hannu, ta fito da wani shiri na gyara ɓarnar baya. Ɗalibanta na zuwa cocin unguwa ran Asabar su koya wa manya karatu. Cleophus ya shiga a ɓoye. Burinsa ɗaya, ya karanta wa Ozella shafin nan. A gida kuwa cewa yake kamun kifi zai je.

"Kai tsohon banza," in ji Ozella, "wata nawa kana kamun kifi, ko ƙaya ban taɓa ba. Ko wata ce ta kama ka?"

"Wa zai kalle ni? Ke ma don ba kya gani ne kike zaune."

Malamarsa wata ɗaliba ce, Renita, sa'ar jikarsa. Abin da ta fara koya masa sunan matarsa ne. Kafin sanyi ya wuce ya fara jan karatun layi guda, yana tuntuɓe yana tashi.

Renita ta ce, "Mista Tolliver, ka iya fa. Je ka karanta mata yau."

"Da wannan in-inar, kamar tsohuwar mota da sanyin safiya? A'a, 'yar nan. Sai na iya zubo shi tas kamar fasto."

"Ita ba za ta damu ba."

"Ni zan damu."

Bai san yadda jami'a ke tafiyar da shekararta ba, bai kuma tambaya ba. Wata Asabar a watan Mayu ya zo ya tarar da kek da balan-balan a kan teburin karatu. Renita ta gama jami'a, ta samu aiki a birnin Memphis. Zangon karatu ya ƙare, ɗalibai za su watse, sai Satumba.

Ya dubi kek ɗin.

"Ashe ku ma kuna da lokacin audugarku," ya ce.

Renita ta matso kusa. Ta rungume shi, ta sake roƙonsa ya karanta wa Ozella, kada ya jira.

Ya jira. Ya yi ta fama shi kaɗai a cikin motarsa a bakin kogi, amma babu mai ce masa daidai ne ko kuskure, haruffan suka fara zame masa.

A watan Yuli ƙodar Ozella ta tsaya, aka kwantar da ita a asibiti. Ran Laraba ya zo da jarida a naɗe cikin aljihun baya. Ma'aikaciyar jinya na tsaye tana gyara ledar ƙarin ruwa.

Ozella ta ce, "Cleo, yau Laraba ko? Ko wa ya tafi wannan makon?"

Hannunsa ya kai aljihu. Ya dubi ma'aikaciyar. Ya ji kunyar a ji shi yana ɗingishi a kan harafi, gemu fari fat.

"Ban ji an ce kowa ba. Ki huta."

Washegari da hantsi Ozella ta cika.

Gidan ya cika da soyayyar kaza daga duk gidajen da ta taɓa kai wa. Ko tsoka ɗaya bai iya haɗiyewa ba.

Satumba ta zo, ɗalibai suka dawo. Aka haɗa shi da wani saurayi farar fata, Garrett, da littafi mai hoton kyanwa.

"Ajiye kyanwar nan, samari."

Cleophus ya shimfiɗa jaridar makon da aka binne Ozella. Ya ɗora yatsa, ya karanta "Ozella Tolliver" ba tuntuɓe ko ɗaya. A kalma ta gaba ya cije. Garrett ya sunkuyo zai faɗa masa.

"Kul! Kada ka karanta mini. Nuna mini harafin kawai."

Laraba ta zagayo. Ya sayi sabuwar jarida, ya tafi maƙabartar bayan coci, ya zauna gaban kabarinta a kan bokitin kamun kifinsa.

"Ozella, ni ne. Ba kifi nake zuwa kamawa ba. Ki yi haƙuri da in-inar."

Ya ɗora yatsa a kan sunan farko, ya fara jan karatu.