Walda a Ƙarƙashin Fenti

Mutumin da ake ce wa Sifana ya shekara goma sha tara yana sayar da tsofaffin injuna a layin 'yan ƙarafa, a wani shago mai ƙofa biyu da ya gada daga mahaifinsa. Janareta, injin niƙa, injin ban ruwa, duk abin da ke shan mai ya yi ƙara, yakan saya ya gyara ya sayar. An san shi da kunne. In aka tayar da inji sai ya lumshe ido, ya faɗa maka ciwonsa tun kafin a kwance noti ɗaya. Saboda haka mutane suke zuwa wurinsa ido rufe.

Wata rana aka kawo masa injin ban ruwa cikin tarkacen wani kamfani da ya rushe. Injin mai kyau ne, sai dai da ya kifa shi ya ga tsaga a ƙasa, daidai inda baƙin mai yake kwanciya, siririya kamar gashi. Ya san maganinta: a canza wannan ɓangaren gaba ɗaya. Ya kuma san ɓangaren yana da wuyar samu. Sai ya ɗauki injin ya kai wa mai walda na bayan layi.

Mai walda ya duba, ya girgiza kai. "Zan ɗinke maka, amma irin wannan ƙarfen ba ya riƙe walda. In ya sha zafi zai buɗe."

"Ɗinke dai," in ji Sifana.

Aka ɗinke, aka goge, ya fesa masa jan fenti har sau biyu. A ransa ya ce zai faɗa wa duk wanda ya zo saye, ya rage masa farashi. Haka ya yi niyya, kuma har yau in ka tambaye shi zai ce haka ya yi niyya.

Wanda ya zo saye wani dattijo ne mai lambu a bakin rafi, da surukinsa, mijin 'yarsa, mai gyaran babur. Dattijon ya zauna a kan benci ya cire takalmi, ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce shekarunsa sun ja, ba ya iya ɗibar ruwa da bokiti kuma. Ya yi dashen tumatir da albasa, yana son injin da zai yi aiki tun safe har azahar, kullum, har damina ta faɗi.

"Ni ban san ƙarfe ba, ɗana," ya ce. "Kai ne ka sani. Wanda ka ce in ɗauka, shi zan ɗauka."

Sifana ya nuna masa jan injin. Surukin ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa nan, ya ja igiya can, irin duban wanda ba ya son a ce bai iya ba. Dattijon kuwa ya durƙusa yana shafa jikin injin kamar mai taya akuya. Hannunsa ya gangara ƙasa, saura kaɗan yatsunsa su kai wurin da aka ɗinke, sai Sifana ya ce, "Baba, matsa baya in tayar maka ka ji muryarsa."

Dattijon ya janye hannu. Injin ya tashi, aka jefa tiyo a durom, ruwa ya yi tsiri ya jiƙa bangon maƙwabci, kowa ya yi dariya. Aka yi ciniki, aka rubuta rasit, a ƙasansa an buga cewa kayan da aka saya ba a dawo da shi.

Kwana tara injin ya yi. Ran na goma sai ga shi a bayan a-kori-kura, dattijon yana zaune kusa da shi. Waldar ta buɗe a hankali, mai ya tsiyaye cikin ƙasa ba wanda ya lura, injin ya buga. Da ya buga, wani ƙarfe daga ciki ya ɓalle ya fasa jikin daidai wurin tsagar, ya tafi da waldar baki ɗaya. Sifana ya leƙa ramin, ya ga babu sauran abin da zai tona shi.

"Baba, dubi cikinsa, ƙayau. An bar shi ba mai."

"Na zuba mai, ɗana."

"To ina ya tafi?"

Dattijon ya roƙi a canza masa, Sifana ya nuna masa rasit. Ya sake dawowa sau biyu, na biyun ya ce dashen ya fara kwanciya. Bayan wata guda sai ga sammaci daga kotu.

Sifana yana da ƙanwa lauya, autar gidansu. Da mahaifinsu ya rasu tana aji uku a sakandare, shi ya riƙe ta har ta gama karatun shari'a, kuma ran da ta sa baƙar riga shi ya fi kowa kuka. Ya same ta a ofishinta, wani ɗaki a bene mai fanka ɗaya da tarin fayil a kan kujerun baƙi. Ya miƙa mata sammacin da rasit.

Ta karanta rasit ɗin ta ajiye gefe. "Yaya, wannan rubutun da kuke bugawa ba laya ba ne. Ba kullum yake tsare mai kaya ba. In mai saye ya faɗi aikin da zai yi da kaya, ya dogara da sanin mai sayarwa, to dole kayan su iya wannan aikin, ko da tsofaffi ne. Ya faɗa maka abin da zai yi da shi?"

"Ya faɗa."

"Shi kaɗai ya zo?"

"Da surukinsa. Makanike ne."

Ta ɗaga kai. "To wannan ya taimake mu. Za mu ce da idon makanikensa ya dogara. Saura tambaya ɗaya, ita ce uwar sauran. Akwai wani aibi a injin da ka sani ba ka faɗa ba?"

Fankar tana juyawa tana ɗaga gefen takardu. Ya dubi fuskarta, fuskar mahaifiyarsu sak, ya ji ba zai iya zubar da girmansa a gaban yarinyar da ya goya ba.

"Babu," ya ce.

"Na sani, Yaya. Ka'ida ce ta sa na tambaya."

Ranar shari'a dattijon ya zo ba lauya, da wankakkiyar riga da rasit a cikin leda. Surukin ya zauna a baya. Auta ta miƙe, ta yi masa tambayoyi cikin ladabi, tana ce masa Baba. Ya duba injin kafin ya saya? Ya duba. Ya zo da makanike? Ya zo da shi. An tayar a gabansa ya ja ruwa? Ya ja, har ya jiƙa bango. Ya yi aiki kwana tara lafiya? Ya yi.

"Ranar da ya lalace, Baba, ka duba mai da safe?"

Dattijon ya shiga tunani. Sifana ya ji yana so ya ce masa, ka ce ka duba, ka ce ka duba mana.

"Ran da na kawo shi na cika shi," dattijon ya ce. "Wannan safiyar kuwa, 'yata, ba zan rantse ba. Tsufa ya zo, ina mantuwa. Ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba a gaban alƙali."

Alƙali ya rubuta. Ya ce mai ƙara bai nuna cewa aibin yana jikin kayan tun ranar ciniki ba, ya kori ƙarar.

A farfajiyar kotu, Sifana yana ƙoƙarin tayar da babur ɗinsa, sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Dattijon ne.

"Ɗana, ka yafe mini. Na ja ka kotu, na ɓata maka suna a layinku, alhali wataƙila sakacina ne. Da 'yar'uwarka ta tambaye ni sai na ga haka ne. Zafin asara ne ya rufe mini ido."

Ya miƙo hannu biyu. Sifana ya karɓa, ya ji kaushin tafin, bakinsa ya ce, "Ba komai, Baba."

Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa ta tambaya ko zazzaɓi ne, ya ce gajiya ce. A shago in aka tayar da inji ya lumshe ido don ya saurara, sai ya ji muryar dattijon tana neman gafara. 'Yan layi suna taya shi murna, suna cewa mai ƙanwa lauya ba ya tsoron sammaci. Mai walda kaɗai bai taya shi ba. In sun haɗu sai ya gaishe shi ya dubi wani wuri.

Ya daure mako uku. Wata Litinin da hantsi ya rufe shago ya hau benen ofishin. Bai zauna ba. Ya faɗa mata komai a tsaye, tsagar, waldar, fentin, da hannun dattijon da ya janye.

Auta ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur.

"Ni na tsaya a gaban tsohon nan na sa shi ya yi shakkar hankalinsa," ta ce a hankali. "Da bakina. Ina ce masa Baba."

"Kunya ce ta hana ni, Auta."

"Kunyata ka ji, ka bar ni na yi aikin da zan ji kunyarsa har in mutu. Da ka faɗa mini a ɗakin nan, da cewa zan yi ka canza masa inji, a rufe magana cikin kwana ɗaya."

"Yanzu me doka ta ce?"

"Doka ta riga ta ce abin da za ta ce, da ƙaryar da muka ba ta. Yana da haƙƙin inji, yana da haƙƙin dashen da ya mutu. Zan rubuta sulhu a kai wa kotu, ka sa hannu. Shi kuwa ka je masa da ƙafarka. Ba zan raka ka ba, Yaya."

Washegari ya ɗauki injin da ya fi kowanne lafiya a shagon, ya ɗaure a mota, ya nemi lambun da tambaya. Ya tarar da rabin filin ya bushe, karan tumatir a kwance kamar an bi ta kansu da wuta. A ɗaya rabin dattijon yana tahowa daga rafi da bokiti biyu, yana tafiya yana tsayawa.

Sifana ya bari ya ajiye bokitan, sannan ya durƙusa ya faɗa masa. Wannan karon ya fi sauƙin fita, kuma hakan ma ya ba shi kunya.

Dattijon bai zage shi ba. Ya zauna a kan kunyar shuka, ya dubi ruwan da ke cikin bokiti.

"Wato na zuba man."

"Ka zuba, Baba. Ta ƙasa ya zube."

"Tun ranar kotu nake ƙirga abubuwan da na manta. Har na ce wa 'yata ta daina ba ni ajiyar makulli." Ya goge fuskarsa da hannun riga. "Injin zan karɓa, haƙƙina ne. Amma akwai wanda ka fi cuta. Surukina. A gaban matarsa na ce masa makaniken banza ne, ya kai ni ya baro ni. Tun ranar bai taka gidana ba, ita kuma tana tsakiya tana kuka. Tashi mu je. Abin da ka faɗa mini, ka faɗa a gabansu."

Suka tafi tare a motar. A rumfar gyaran babur, a gaban surukin da matarsa da mutum biyu masu jiran a gyara musu taya, Sifana ya maimaita labarin karo na uku. Surukin ya miƙe da ƙarfe a hannu, matarsa ta riƙe masa riga. Ya tsaya yana huci, sannan ya jefar da ƙarfen, ya juya ga dattijon ya ce, "Baba, ka hau babur in kai ka gida." Shi ya haɗa sabon injin da yammacin nan, bayan ya kifa shi ya kankare fentin ƙasansa da wuƙa.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai layin 'yan ƙarafa. Wasu suka ce Sifana ya yi abin kirki, wasu suka ce wanda ya yi sau ɗaya ya yi sau goma, aka rage zuwa shagonsa. Ya sa hannu a takardar sulhu, ya biya dashen. Da ya sake neman gafara, dattijon ya ce masa, "Ka bari tukuna, zuciya ba inji ba ce da za a ja igiya ta tashi." Albasar da ta rage ta yi, tumatir kuwa sai wata shekara.

Auta ta yi wata huɗu ba ta zo gidansa ba. In ya kira takan ɗauka, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi yara, ta ce tana da aiki. Ran da matarsa ta haihu ta zo asibiti, ta karɓi jaririyar ta daɗe tana kallonta. Da za ta tafi ya bi ta har bakin titi, suka tsaya suna jiran mota, kowa yana kallon gabansa.

"Ka rame, Yaya," ta ce.

"Kasuwa ce."

Mota ta tsaya. Ta buɗe ƙofa, sannan ta juyo ta ce ranar Asabar za ta zo ta ga mai jego, a ajiye mata abinci.