Ɗanyar Harawa

Hajjo tana zuba wa tunkiyarta dusa sai ƙamshin ɗanyen ganyen wake ya shigo mata har tsakar gida. Ta dakata da zubawa. Wannan ƙamshin ba na cikin gari ba ne. Harawa a gona ake baza ta ta sha rana, sannan a naɗe ta da sanyin safiya don kada ganyen ya kakkaɓe. Haka marigayi Mansur, mijinta, yake yi duk kaka a 'yar gonarsu ta hanyar Wamakko. Bana ya shuka waken, bai ga yankansa ba.

Ta leƙa daga zaure, iyakar inda takaba ta bar ta ta taka. Ga amalanke shaƙe da dammuna kore shar, ana jifa da su bisa soron Yari, wan mijinta. Yarin da bai taɓa duƙawa a gonar nan ba, amma ranar jana'iza kukansa ya fi na kowa amo.

"Yaya, wagga harawa ta ina ta?"

Bai ko juyo ba. "Ta gonar gidanmu ta. Mi kika so?"

"Gonar Mansur dai. Tunkiyag ga ɗai yab bar ma ɗiyanai, ga ta da ciki. In rani ya yi mi za ta ci?"

"Mace cikin takaba na ɗaga murya bakin zaure? Koma ciki, Hajjo, kak ki ja muna abin hwaɗi."

"Ko bushewa ba ta yi ba, Yaya!"

"Ta bushe bisa soro."

Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Yari ba jahilin harawa ba ne, ɗan manomi ne kamar kowa. Lissafi ya yi: takabar ta kusa ƙarewa, in ya jira rana ta yi aikinta, Hajjo za ta fito da laujen mijinta. Shi ya sa ya sa aka yanke da safe, aka ɗaure kafin azahar. Ta koma ciki tana jin tsanar mutumin nan har cikin haƙoranta.

*

Rani ya zo da dukan ƙarfinsa. Hajjo ta fita takaba ta kai kuka wurin dattawan gidan, suka ce ta yi haƙuri, ai ɗan'uwa ne, abin duk na gida ne. Haƙuri kuwa ba ya cika cikin dabba.

Tunkiyar ta haifi tagwaye, nono babu. Kullum Hajjo tana bin gefen titin Runjin Sambo da lauje, tana kankarar busasshiyar ciyawar da awakin gari suka raina, 'yan adaidaita suna watsa mata ƙasa. Ɗan tunkiya ɗaya ya mutu. Ɗayan ya bi shi. Duk sanda ta ɗaga kai, ga harawarta can bisa soron Yari, an lulluɓe ta da leda, tana jiran ta yi tsada.

*

Wata Juma'a bayan saukowa daga masallaci aka yi sallama. Yari ne cikin farar babbar riga, da maƙwabta a bayansa, ga dammunan an jibge a ƙofar gida.

"Ku shaida, jama'a," ya ce da ƙarfi. "Ga harawa nan na kawo mata, ko dami guda ban taɓa ba. Ni ba ni cin haƙƙin marayu."

"Allah shi yi albarka, Malam Yari," in ji wani tsoho. "Zumunci ke nan."

Suka watse suna yaba shi. Tun daga zaure warin dammunan ya gaya wa Hajjo dalilin wannan alheri. Ta ja dami ɗaya zuwa turke, ta sa lauje ta yanke igiyar. Bayansa ne kaɗai harawa. Cikin ya yi baƙi ƙirin, ya dunƙule da fumfuna, wata farar ƙura ta tashi ta shaƙe ta.

Tunkiyar ta miƙe da kyar, haƙarƙarinta a waje. Ta matso, ta sunsuna, ta yi atishawa. Sannan ta juya ta ci gaba da tauna igiyar da aka ɗaure ta da ita.